Ruwan Cikin Insaf

Mallawi, 4 ga Fabrairu, 1998

Zuwa ga Doktora Rawiya mai daraja,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kin yi ƙaramar sallah lafiya. Midhat ne, mijin yayarki Insaf. Na san shekara goma sha ɗaya ke nan ba ki taka Mallawi ba, ko katin barka da sallah ma ya daina zuwa. Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Ina mai sanar da ke cewa Insaf ba ta da lafiya. Tun watan Oktoba cikinta ya fara kumbura. Muka ɗauka tsargiya ce ta taɓa hanta, kamar yadda take yi wa rabin mutanen garin nan. Da aka yi mata aiki a asibitin birnin Minya, likita ya ja ni gefe ya ce mugun ciwon nan ne, a gidan ƙwai, irin wanda ya ɗauke Hajiya mahaifiyarku, Allah Ya jiƙanta. Ya cire abin da ya ciru. An ƙara mata ruwan magani sau uku, gashinta ya zube, amma cikin yana sake cika, duk mako biyu sai an zuƙe da allura. Likita ya ce maganin ba ya kama ciwon yadda ya so.

Ita ba ta sani ba. Na ce mata hanta ce, ƙarin ruwan kuma na gyaran jini ne. Likita ya ba ni haɗin kai, masu jinya ma haka. Takardun asibiti suna kulle a aljihun teburina a tashar jirgin ƙasa. Tana cin abinci, tana taɓa ɗinkinta in ta samu ƙarfi, tana yi mini faɗa kamar kullum, alhamdu lillahi.

Abu biyu nake roƙo. An ce mini aikinki a Iskandariyya a kan wannan ciwon yake, to idan akwai abin da kika sani wanda likitocinmu ba su sani ba, ki dubi Allah ki taimaka. Na biyu, ki rufa mini asiri, kada sunan ciwon ya kai kunnenta. Ki aiko amsa ta ofishin tasha, kada ki aiko gida.

Ki huta lafiya. Naki cikin girmamawa,
Midhat


Iskandariyya, 10 ga Fabrairu

Ustaz Midhat,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso. Allah Ya ba ta lafiya.

Kwantar da hankalinka, ba zan faɗa mata ba. Ai a hannunta na koyi wannan sana'ar ta ɓoye magana. Wata huɗu Mama tana kwance tana ƙarewa, Abla Insaf tana rubuto mini, “Mama na gaishe ki, ki dage da karatu.” Na gama jarrabawar ƙarshe, na saya wa Mama mayafi, na sauka a tasharka. Kai da kanka ka karɓi jakata, ka tambaye ni ya hanya. Na isa gida na tarar ana kwance rumfar makoki. In kun manta, ni ban manta ba.

Ka kuma sani ni ba likitar da ke duba marasa lafiya ba ce. Ba ni da gado, ba ni da allura. Ƙwayoyin ciwo nake raino a faranti, ina gwada abin da ke kashe su. Idan kana so in duba nata, to ranar da za a sake zuƙe ruwan ka sa mai jinya ta zuba rabin lita a kwalba tsarkakakkiya, kada a haɗa da komai. Ka naɗe kwalbar da tawul don kada ta daskare, ka sa a fulas da ƙanƙara, ka ba kwandastan jirgin da ka yarda da shi. Dole ta iso hannuna a ranar.

Ita kuma ka san abin da za ka gaya mata, ai ka ƙware. Ban yi alkawarin komai ba.

Wassalam,
Rawiya


Mallawi, 19 ga Fabrairu

Rawiya, 'yar ƙanwata mai taurin kai,

Sallama da gaisuwa. Ashe kina raye! Shekara goma sha ɗaya ba ki nemi ganin fuskata ba, yau ga shi kina neman ruwan cikina. To madalla, ko ruwan ne ma na gode. Da kin ga Midhat yadda ya rungumi fulas ɗin nan zuwa tasha, sai ki rantse jariri aka haifa masa bayan shekara ashirin da huɗu.

Wai hanta ce. Ni da ban taɓa tsoma ko yatsa a magudanar ruwa ba! Ke ce mai satar hanya ki je wanka da 'ya'yan manoma, ki dawo gashi a jiƙe, ni in sha duka saboda ban kula da ke ba. Amma tun da likita ya ce hanta, Midhat ya ce hanta, wace ce ni, tela mai aji shida? Kaina ya zama kamar kankana. Sitt Tereza maƙwabciyata, matar mai kantin magani, ta kawo mini ɗankwali har uku, wai in riƙa canjawa don kada mijina ya gudu. Na ce mata ina zai je da wannan tumbin nasa, ai yanzu ma muka zama daidai.

Ga kwando nan tare da kwandasta. Akwai gurasar fatir mai man shanu, da tsohon cuku, da zumar rake, da busasshen lalo da na shanya da hannuna. Na san abincin mutanen bakin teku, kifi safe kifi yamma. Ki ci, kuma don Allah kada ki ajiye su wuri ɗaya da kwalbar.

Na san har yanzu kina riƙe da ni a kan Mama. To riƙe. Da na kira ki, da kin bar jarrabawa kin taho, da yanzu kina nan gefena kina taka keken ɗinki. Ni na bar makaranta don ke ki yi, ni na kwashe kashi da fitsari don ke ki riƙe littafi. Ban yi nadama ba, kuma ba zan ba ki haƙuri ba, ko kina jira ki daina.

Me kike yi da ruwan? Ki ba ni labari, zaman gado ya ishe ni. In kina da maganar da ba ta kunnen maza ba, ki aiko ta hannun Tereza, ba ta buɗe wasiƙar mutane, sai dai ta shinshina.

Allah Ya tsare mini ke.
Yayarki, Insaf


Iskandariyya, 16 ga Maris

Ustaz Midhat,

Sallama. Ruwan ya iso da kyau. Ƙwayoyin sun kama faranti, suna hayayyafa, ban taɓa rainon masu ƙarfinsu ba. Wannan labari ne mai daɗi a wurin aikina, a wurinka kuwa a'a.

Na zuba musu maganin da ake ƙara mata, sisfilatin. Cikin goma, uku suka mutu. Dalilin da ya sa cikin yake sake cika ke nan. Sai na ɗauki wani farantin, na fara sa masa wani furotin da jikin mutum ke yi da kansa, ana ce masa intaferon, na bar shi kwana ɗaya, sannan na zuba maganin, ban ƙara ko ɗigo a kan na farko ba. Cikin goma, takwas suka mutu. Sau uku na maimaita, amsar ba ta canja ba.

Kada ka tashi ka yanka rago, faranti ba mutum ba ne. Amma Farfesa Hilmi, wanda nake aiki a ƙarƙashinsa, yana gwada wannan haɗin a jikin mata goma sha biyu. An samu goma. Na nuna masa farantan, ya yarda a kawo ta. Ranar talatin ga Afrilu za a rufe karɓa.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma ba shi ya gindaya ba. Mutanen waje da suka ba da furotin ɗin ne suka sa, suna kuma turo mai duba takardu. Dole mara lafiya ta zauna gaban Farfesa ta faɗi sunan ciwonta da bakinta. A gaya mata gwaji ne, zai sa ta zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, kuma ba wanda ya tabbatar zai yi aiki. Sannan ta sa hannu. Ita, ba miji ba, ba wa ba, ba kawu ba.

Ga takardar na haɗo. Matarka ce. Kai ka ƙulla, kai za ka kwance.

Wassalam,
Rawiya


Mallawi, 22 ga Maris

Doktora mai daraja,

Assalamu alaikum. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara miki ilimi. Na karanta maganar takwas cikin goma, na shige ɗakin ajiyar kaya na tasha na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Amma wannan sharaɗi, Doktora, wane irin rashin imani ne? A zaunar da mace a sa ta ambaci ajalinta da bakinta? Su can haka suke yi wa iyayensu? Baffana Abdul'al ya shekara biyu da wannan ciwon yana zuwa gona. Ranar da wani ɗan likita mai rawar kai ya faɗa masa sunan, ya juya fuska ga bango, kwana tara muka binne shi. Na gani da idona. Insaf tana dariya yanzu. Ba zan zama wanda zai kashe wannan dariyar ba.

Kuma ko na so, bakina a ɗaure yake. Ranar da aka fito da ita daga ɗakin aiki, 'yan'uwana suna tsaye, na rantse cewa in sunan nan ya fita daga bakina zuwa kunnenta, ta saku. Kin san nauyin wannan a wurinmu. Ke ma ban yarda ki faɗa ba, na haɗa ki da Allah.

Ga takardar na mayar. Na sa hannu a madadinta. Shekara ashirin da huɗu ni nake sa mata hannu a komai, kuma na kwaikwayi rubutunta yadda ko ita ba za ta bambance ba. Ki yi wa Farfesa magana, ai shi ɗan ƙasa ne, ya san mutanenmu. Mu kawo ta, mu ce sabon maganin hanta ne, a rufe ƙofa minti biyar, a ce an yi bayani. Wa zai sani? A tasha kullum muna sa hannu cewa jirgi ya iso kan lokaci.

Naki cikin girmamawa,
Midhat


Iskandariyya, 29 ga Maris

Ustaz Midhat,

Sallama. Na kai wa Farfesa takardarka saboda in cire kaina daga zargi. Ya duba, ya tambaye ni ko na ɗauke shi mahaukaci ne. In aka kama ƙarya ɗaya, za a janye furotin ɗin daga sauran matan duka. Ba zai saya wa matarka gado da rayukan sauran matan ba, ni ma ba zan sake roƙonsa ba. Na sha kunya a gaban mutumin da na shekara takwas ina neman ya ga girmana.

Ka rantse da saki? Sannu da jarumta. Akwai malamai a Mallawi, je ka su warware maka. Jiya an cika gurbi na goma sha ɗaya.

Rawiya


Iskandariyya, 30 ga Maris
Ta hannun Sitt Tereza

Abla Insaf,

Sallama. Kwando ya iso, na gode. Cukun ya yi gishiri da yawa.

Kin ce in ba ki labarin aikina. Zan ba ki labarin wata mata da nake rainon ƙwayoyin ciwonta, ba sai na faɗi sunanta ba.

Duk ƙwayar halitta a jikin mutum an halicce ta da umarni ɗaya a cikinta: in kin lalace, ki mutu, ki ba wasu wuri. Masu lafiya suna bi. Na wannan ciwon kuwa sun toshe kunne. Maganin da ake ƙara wa mutum aikinsa ya ji musu rauni, don su ji umarnin su mutu. To na matar nan ana ji musu raunin, sai su ɗinke su ci gaba da hayayyafa kamar ba a yi ba.

Amma sojojin da ke gadin jiki suna da saƙonni da suke aika wa juna, su ce ga maƙiyi nan, ku farka. Saƙonnin nan furotin ne, kuma yanzu ana iya samunsu a kwalba. In na fara zuba wa ƙwayoyin saƙon, shi kaɗai ba ya kashe su sosai, kunnen yake buɗe musu. Washegari in na kawo maganin, sai su ji. Da safe na duba ta madubin likita, in ga sun tattare sun saki faranti suna yawo a saman ruwa.

Matar tana da taurin kai, ƙwayoyinta ma haka. Kowa a gidansu ya san abin da ke damunta, an bar ta ita kaɗai a duhu, don a gidansu haka ake nuna ƙauna. Ke me kika gani, Abla? Ai ke kika fi ni sanin wannan fannin.

Ba zan samu zuwa babbar sallah ba. Ƙwayoyin suna bukatar abinci duk kwana biyu, ba wanda zan bar wa.

Wassalam,
Rawiya


Mallawi, 12 ga Afrilu

Rawiya,

Barka da sallah, ko da ba ki ce mini ba. Cukun bai yi gishiri ba, bakinki ne ya lalace.

Oh, su Doktora manya! Yau na ji ilimi. Na karanta wasiƙarki sau huɗu, har na karanta wa Tereza wurin sojoji masu aika saƙo, ta ce ashe jikin mutum ma yana da gidan waya. Wato kin ƙi zuwa ganin yayarki saboda za ki ba faranti abinci. Allah Ya raya miki su, Ya sa su yi miki biyayya.

Midhat ya yanka rago, ya kawo mini hanta a gasa, wai hanta maganin hanta ce. Na ci loma biyu don ya ji daɗi, da ya fita na amayar. Ya rame fiye da ni, Rawiya. In ya shigo ɗaki sai ya tsaya a bakin ƙofa ya gyara fuska tukuna, yana zaton ba na ganinsa ta madubin sif. Jiya ya zauna gefen gado ya ce, “Insaf, akwai wata magana.” Na ce ina ji. Can sai ya ce wai za a canja lokacin jirgin Aswan.

Ita matar nan taki, kin tambaye ni me na gani. Na ga mutanenta suna sonta, kuma wataƙila ita ma tana son su, shi ya sa kowa ke kama bakinsa. Ba kowane shiru ba ne wauta, 'yar boko.

Amma bari in tambaye ki, kuma ki ba ni amsa ba da habaici ba, don na gaji. An zuƙe ni sau biyu cikin kwana goma. Ƙafafuna sun kumbura, na ba da keken ɗinkin aro. Akwai wani abin da ya kamata in yi wanda ban yi ba? In akwai ki faɗa. In zuwa ne in zo, in sha ne in sha. Yanzu ina jin magana, ciwo ya koya mini.

Ina jiran amsarki ta hannun Tereza.

Yayarki, Insaf


Mallawi, 21 ga Afrilu

Doktora,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni, a tsaye nake rubutu.

Na je wurin malami tun kafin sallah. Ya ce tun da ba rabuwa na nufa ba, in ciyar da miskinai goma, rantsuwar ta warware. Na ciyar. Na ce bari sallah ta wuce, kada in ɓata mata. Ta wuce, na ce bari bikin shan iska na Shammun Nasim ya wuce. Jiya muka fitar da ita bakin kogi a kujera, ta sa aka sayo kifi mai gishiri da albasa, ta ɗan lasa, tana tsokanar Tereza har mutane na juyowa. Na buɗe baki sau uku. Wallahi Doktora harshena ba ya ɗagawa.

Ba zan iya ba. Na janye hanin da na yi miki. Ke 'yar'uwarta ce, kin san kalmomin da ake faɗa. Ko kuma, in Allah Ya sa kina da tausayi, ki fitar mana da kwalba ɗaya ta furotin ɗin a jakarki, akwai mai jinya a nan da za ta yi allurar ba wanda ya ji. Saura kwana tara.

Kullum tana aika Tereza gidan waya ta duba ko kin rubuto.

Midhat


Iskandariyya, 3 ga Mayu
Ta hannun Sitt Tereza

Abla,

Sallama. Kin ce ba habaici, to ga shi.

Ba hanta ba ce. Ciwon daji ne a gidan ƙwai, irin na Mama, kuma ya bazu a cikinki. Maganin da ake ƙara miki ba ya aiki. Matar da na ba ki labari ke ce.

Akwai abin da ya kamata ki yi, kuma lokacinsa ya wuce. Farfesana yana gwada haɗin nan a jikin mata goma sha biyu, ya ba ki gurbi tun tsakiyar Maris. Abin da ake bukata kawai ki zo ki faɗi sunan ciwonki, ki sa hannu. Mijinki ya ƙi faɗa miki. Ya yi rantsuwa, ya ƙirƙiri sa hannunki, ya roƙe ni in yi sata, duk don kada ya furta kalma biyu. Mako shida ya ɓata.

Ni kuma na samu wasiƙarki ranar sha biyar ga Afrilu. Zan iya cewa na ji tsoro, amma ƙarya ne. Na karanta inda kika ce ba za ki ba ni haƙuri ba, na karanta inda kika ce ba kowane shiru ba ne wauta, na ce to bari ta ɗanɗana. Bari ta aika gidan waya a dawo mata hannu wofi, ta ji yadda ake ji in kowa ya sani ban da kai. Na sayi tikitin ranar ashirin da takwas. Niyyata in zo da kaina in faɗa miki ido da ido, in ɗauko ki a jirgin washegari, mu isa da saura kwana ɗaya. Na lissafa komai daidai.

Ranar ashirin da biyar aka kawo wata mata daga Damanhur, mai sayar da kaji, ko karatu ba ta iya ba. Ta zauna gaban Farfesa ta faɗi sunan ciwonta kamar tana faɗin sunan unguwarsu, ta dangwala yatsa. Ita ta cike gurbi na goma sha biyu. Ni na riƙe ranar rufewa, na manta gurbi ba ya jiran rana. Na roƙe shi har na durƙusa, ya ce kwalaben a ƙirge suke, na mutum goma sha biyu ne.

Kada ki ɗora mini duka. Ba ni na fara shiru a gidanmu ba. Kuma ki sani faranti ba mutum ba ne. Cikin matan akwai biyu da zazzaɓin ya kayar har aka dakatar da su. Wataƙila da kin zo ma bai yi miki aiki ba.

Zan zo ranar Alhamis ta makon gobe in kin yarda.

Rawiya


Mallawi, 8 ga Mayu

Rawiya,

Wa alaikis salam. Tereza ke rubutawa, hannuna ya daina riƙe alƙalami.

Wata huɗu ina juya Mama ina wanke ta. Kina zaton ban san wannan kumburin ba? Tun kafin a yanka ni na sani. Na yi shiru ne don Midhat ya iya cin abinci. Da wani ya ce mini sunan kawai ake so, da na faɗe shi a tsakiyar kasuwa, da na zo miki ko a rufin jirgi ne.

Ban nuna masa wasiƙarki ba, kuma in kika gaya masa ban yafe ba. Shi zai rayu yana ganin ya kyauta mini. Ke kuma ki rayu da abin da kika sani.

Kin ce wataƙila da bai yi aiki ba. Ke ce doktora, ba zan yi musu ba. Amma wannan wataƙilar tawa ce, Rawiya, ita kaɗai ta rage mini, kuma na tambaye ki a fili.

Kada ki zo ranar Alhamis.

Allah Ya ba ki tsawon rai.
Insaf